Nasihar Mako: Idan Fatar Ido Ta Sauko, A Yi Aiki Ko A Haƙura?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu, ya kyautata surarmu, ya ba mu ji da gani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



A cikin 'yan makonnin nan tambayoyi biyu suka shigo ofishin masallaci, kuma duka biyun a kan fatar ido suke. Masu tambayar sun yarda mu rubuta don wasu su amfana, da sharaɗin ba za a kama suna ba. Mu ba malamai ba ne, ba kuma likitoci ba. Don haka muka kai maganar gaban Malam Liman, sannan muka zauna da wani likitan ido da ke sallar Juma'a tare da mu. Abin da za ku karanta shi ne abin da muka fahimta daga gare su. Inda muka dace daga Allah ne, inda muka kuskure daga gare mu ne, a gyara mana.

Tambaya ta farko

'Ya'yan wani dattijo ne suka kawo ta. Baba ya haura shekara 70, yana sayar da yadi a kasuwar Garki tun ana kiran wuraren nan daji. Fatar idonsa ta sama ta saki, ta sauko har ta rufe masa kusan rabin ƙwayar ido. Idan zai yi tilawa bayan Asuba, sai ya sa ɗan yatsa ya ɗage fatar kafin ya ga layi. Idan zai tsallaka titi sai ya ɗaga haɓa sama kamar mai duban wata. Kwanaki mota ta kusa ɗauke shi a wajen Area 1, don bai hango ta ba sai da ta zo daf da shi. An kai shi asibiti, likita ya ce ƙaramin aiki ne za a yi a ɗage fatar. Baba ya ce atafau. Abin da ya faɗa wa 'ya'yansa shi ne: "Ni da ƙafata ɗaya ke kabari, yanzu ne za a yanka mini fuska? Yadda Allah ya yi ni haka zan koma gare shi." Ya taɓa ji a wa'azi cewa an tsine wa mai canza halittar Allah, shi ke nan ya riƙe.

Tambaya ta biyu

Wata baiwar Allah ce ta aiko ta hannun malamar Islamiyyar matan aure. Shekarunta arba'in da 'yan kai, 'ya'yanta shida. Ganinta lafiya lau, ko zare tana zurawa a allura ba tabarau. Sai dai fatar idonta ta ɗan tattare, ƙasan idon ya ɗan yi jaka, irin dai yadda shekaru ke yi wa kowa. Maigidanta ya fara maganar ƙarin aure, kuma cikin raha ko cikin gori ya ce mata idonta ya zama na tsofaffi. Maganar ta tsaya mata a rai. Ta ga tallar aikin gyaran fatar ido a Instagram, ga hoton kafin aiki, ga na bayan aiki. Yanzu tana shawarar ta sayar da gwal ɗinta ta haɗa da kwasar adashi ta je a yi mata. Tambayarta ita ce: ya halatta?

To kun ji. Aikin kusan iri ɗaya ne, wuƙar ma ɗaya ce. Amma Malam ya ce hukuncin ba ɗaya ba ne.

Me likita ya ce?

Fatar ido tana cikin fata mafi siranta a jikin ɗan Adam, shi ya sa tsufa ke fara nunawa a nan. Abu biyu ne ke faruwa. Ko dai fatar ta saki ta yi yawa ta rufto a kan gashin ido, ko kuma 'yar tsokar da ke ɗaga murfin idon ta yi sanyi, murfin gaba ɗayansa ya sauko. Wani ma duka biyun ke haɗe masa. Mai wannan matsala za ka ga kullum yana ɗage gira, goshinsa a tattare, da yamma ya ce kansa na ciwo.

Likita ya ce ba da ka ake yanke hukunci ba. Akwai gwajin da ake yi a auna faɗin abin da ido ke iya gani, a yi sau ɗaya fatar na yadda take, a sake yi bayan an ɗage ta da filasta. Idan bambancin ya fito fili, to fatar ce ke tare gani. Aikin kansa galibi ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi ake yi a wurin, a rage fatar da ta yi yawa ko a ɗaure tsokar, a ɗinke, mutum ya koma gida a ranar. Bayan kamar mako guda a cire zare. Kumburi kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Amma ya ja kunne. Ya ce idan aka rage fatar fiye da ƙima, ido ba zai rufu da kyau ba ko a barci, ya riƙa bushewa yana raɗaɗi, har baƙin ido ya yi gyambo. Fatar da aka yanke kuwa mayar da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Ana iya samun ƙwayoyin cuta su shiga ɗinkin. Akwai kuma zubar jini a bayan ƙwayar ido, wanda ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru ba a yi gaggawa ba yana iya makantar da mutum. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, dole ya faɗa wa likita tun kafin a sa rana.

Sannan ya ce mu isar da wannan ga kowa: idan fatar ido ɗaya ta faɗo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman idan da ciwon kai mai tsanani, ko ganin abu bibbiyu, ko baki ya karkace, wannan ba tsufa ba ne. Yana iya zama matsalar jijiya ko ta ƙwaƙwalwa. A tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗiga maganin kemis. Haka jaririn da aka haifa da ido ɗaya a rufe rabi, kada a ce zai buɗe idan ya girma. Idon da ba ya samun haske da ƙuruciya yakan taso da raunin gani, ko da an ɗage fatar daga baya.

Me shari'a ta ce?

Malam ya fara da abin da Baba ya ji, ya ce Baba bai ji ƙarya ba. A Suratun Nisa'i aya ta 119 Allah ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na cewa zai umarci bayi su canza halittar Allah. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud tsinuwa a kan masu yin jarfa, da masu tsige gira, da masu goge haƙora don su fitar da wushirya. Amma ya ce mu lura, a cikin hadisin an ɗaure abin da dalili: masu yin haka don neman ƙarin kyau. Daga nan malamai irin su Imam Nawawi suka fahimci cewa idan don magani ne ko don gusar da aibi, babu laifi.

Sai ya kawo mana labarin wani sahabi, Arfaja ɗan As'ad. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, sai ya sa aka ƙera masa na azurfa. Na azurfar ya riƙa yi masa wari. Annabi (SAW) bai ce masa ya haƙura ya zauna ba hanci ba, umartarsa ya yi ya sa na zinari, alhali zinari haramun ne ga maza. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo shi. Malam ya ce wannan hadisi shi ne ginshiƙin babin: mayar da gaɓa yadda Allah ya halicce ta tun asali ba canza halitta ba ne.

Akwai kuma hadisin Usama ɗan Sharik, lokacin da ƙauyawa suka tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani. Ya ce su nema, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, in ban da guda ɗaya, wato tsufa. Malam ya ce amsar tambayoyin nan biyu duk tana cikin wannan hadisi. Abin da yake cuta ne a nema masa magani. Abin da yake tsufa ne zalla, wuƙa ba ta mayar da shi baya.

Malaman zamani ma sun zauna a kai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 da ta yi a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a watan Yulin 2007, ta fitar da matsaya a kan tiyatar gyaran jiki. Ta halatta aikin da zai dawo da gaɓa ga amfaninta, da gyaran aibin da aka haifi mutum da shi kamar tsagaggen leɓe, da wanda ya samu daga baya kamar ƙuna ko haɗari ko ciwo. Ta hana aikin da ake yi wa lafiyayyar halitta don bin son rai ko kwaikwayon wasu. A kan yamushewar fata kuwa ta ce ba a gusar da ita da tiyata ko allura sai idan ta zama cuta, kuma an aminta daga cutarwa. Ta kuma sa sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi illar, ƙwararren likita ne zai yi, mara lafiya ya yarda bayan an yi masa bayanin haɗarin, kuma ba wata hanya mafi sauƙi.

Amsa ga Baba

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Abin da ke damunka lalura ce, ba kwalliya ba. Allah ya yi ido don ya gani, fatar kuma don ta kare shi. Idan fatar ta koma tana tare gani, ɗage ta mayar da halitta ne mazauninta. Kuma jikin nan amana ne. Mutumin da mota ta kusa bugewa saboda abin da ke da magani, bai kamata ya ce tawakkali ya hana shi zuwa asibiti ba. Wanda ya fi kowa tawakkali shi ne ya ce a nemi magani.

Mu 'yan Arewa ma aikin fatar ido ba baƙonmu ba ne, sunan ne kawai ba mu sani ba. Wa ya manta da iyayenmu mata a ƙauye masu yawo da matsefata a wuya, suna tsige gashin ido saboda ya juya ciki yana sosa musu ƙwayar ido? Wannan ƙarshen ciwon amodari ne, wanda likitoci ke kira tarakoma. Yana yaɗuwa ta ƙuda da hannu da tsumman goge fuska, ya yi ta dawowa tun yarinta har cikin fatar ido ya yi tabo ya nannaɗe. Ya fi kama mata saboda su ke tare da yara. Maganinsa a wannan mataki shi ne aikin fatar ido, kuma an daɗe ana yin sa a jihohi irin su Sakkwato da Kabi da Zamfara da taimakon ƙungiyoyi irin su Sightsavers. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Ghana ta kawar da shi a matsayin matsalar al'umma a 2018, Mali da Benin kuma a 2023. Ba mu taɓa jin malamin da ya ce wannan aiki haramun ne ba. Haka asibitin yara masu ciwon noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, inda ake sake gina fuskar yaran da ciwon ya cinye wa kunci da leɓe. Wa zai kira wannan canza halitta? Ai sai dai a yi wa likitocin addu'a.

Don haka duk mai tsohuwa ko tsoho a gida da ke fama da irin wannan, idan an je ganin gida a duba idonsu. Kuɗin da muke turawa na cefane, a ware wani abu na ganin likita. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano. Nan Abuja kuma ga Babban Asibitin Ƙasa, ga na koyarwa a Gwagwalada. Kada a kai ido wurin wanzami.

Amsa ga 'yar'uwarmu

Hajiya, Malam ya ce mu fara da ba ki haƙuri, don ya san ba son banza ne ya kawo tambayarki ba, zafin magana ne. Amma gaskiya ɗaya ce. Idon da ke gani lafiya, wanda abin da ya same shi bai wuce abin da ke samun sa'o'inki ba, ba a kai shi ga wuƙa. A Suratur Rum aya ta 54 Allah ya faɗa mana tsarinsa: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Wannan hanya ce da kowa zai bi, har amaryar da ake shirin kawowa idan Allah ya ba ta tsawon rai. Likita ma ya ce aikin ba ya tsayar da tsufa, fata za ta ci gaba da saki.

Musulunci bai hana ki ado ba. Ga kwalli, wanda Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da nau'insa na ismid. Ga lalle, ga turare a cikin gida, ga tsafta, ga sutura mai kyau. Furfura ma an yarda a rina ta, kamar yadda aka yi umarni a kan Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar ranar buɗe Makka, aka ce dai a nisanci baƙi. Duk waɗannan ado ne da ba ya yanka nama, ba ya cinye jari.

Ki kuma duba lissafin. Gwal ɗin nan shi ne ajiyarki ta ranar baƙin ciki, shi ne kuɗin makarantar yaro idan kasuwa ta juya. Idan kin sayar, aikin ya yi kyau, wa ya ba ki tabbacin maigida zai fasa? Idan kuma aikin ya ɓaci, wa zai zauna da idon? Hoton da ake nunawa a waya na waɗanda abin ya yi wa kyau ne, ba a tallar waɗanda ido ya ƙi rufuwa. Kuma kada mu ɗauka zuwa waje ko yawan kuɗi kariya ne. Manyanmu za su tuna a watan Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar gyaran jiki, har kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci a 2009. Ba aikin ido ba ne nata, amma darasin ɗaya ne: babu tiyatar da ba ta da haɗari, saboda haka ba a shigarta sai da dalilin da ya kai.

Idan dai daga baya fatar ta kai ga tare miki gani, ko ta zama aibin da ya fita daga na al'ada, to hukunci ya canza. Ki ga likita, ki dawo ga Malam.

Saura mu maza

Nan ne Malam ya ɗaga murya. Ya ce tambayar matar nan ba daga idonta ta taso ba, daga bakin mijinta ta taso. Ƙarin aure halal ne ga mai iya adalci, ba wanda ya hana. Amma wace aya ce ta halatta ka yi wa uwar 'ya'yanka gorin tsufa? A gidan wa ta tsufa? Wa ta yi wa haihuwa shida? Lokacin da kake kwana a shago kana haɗa jari, wa ke riƙe da yara a ɗaki ɗaya a Nyanya ko Mararaba?

Ya tuna mana da Khaula 'yar Sa'alaba, matar Aus ɗan Samit. Ta zo wurin Annabi (SAW) tana kuka cewa mijinta ya ci ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, da ta manyanta sai ya yi mata zihari. Allah ya ji kukanta daga saman bakwai, ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. To wanda ya ji Khaula yana jin matanmu. A Suratun Nisa'i aya ta 19 kuma an umarce mu da kyakkyawan zama da su, har aka ce ko mun ƙi wani abu nasu, ta yiwu a nan Allah ya sa alheri mai yawa.

Alhaji, kafin ka duba idonta, ka ɗauki madubi. Kai ma gemun ya yi fari, kai ma tumbin ya fito, ba ta taɓa ce maka ka je a yanka ba. Irin wannan gori ne ya jefa mata da yawa cikin man bilicin har fata ta lalace, yanzu kuma ana so ya kai su ga wuƙa. Duk wanda kalmarsa ta tura matarsa ta cutar da kanta, yana da kaso a alhakin.

Kafin a kwanta a gadon aiki

Ga duk wanda lalura ta sa za a yi masa, ga abin da muka tattaro. A tabbatar likitan ido ne ko likitan tiyata mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma a asibiti za a yi, ba a shagon kwalliya ko ɗakin otal ba. Annabi (SAW) ya ɗora wa wanda ya yi likitanci ba da sani ba lamunin abin da ya ɓata, mu kuma kada mu kai kanmu gare shi saboda araha. A tambayi likita kai tsaye: wannan don gani ne ko don kyau? Me zai faru idan ban yi ba? Idan da hali a ji ta bakin likita na biyu. A kuma tambaye shi yadda za a yi da alwala da sujada a kwanakin ɗinki, don shari'a ta yi sauƙi: ana shafa a kan bandeji, wanda sujada za ta cutar kuma ya yi nuni.

Inda aka kwana

Da Malam ya je har shago ya ba Baba labarin Arfaja, Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe har hancin zinari?" Ya yarda a yi masa gwajin, kuma an sa masa rana. Muna roƙon jama'a a sa shi a addu'a. Ita kuwa 'yar'uwarmu, an isar mata da amsa, Malam kuma ya nemi ganin maigidan nata. Abin da zai biyo baya yana hannun Allah, sannan yana hannun shi maigidan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye. Allah ya sa tsufanmu ya zama cikin ɗa'a, ya sa albarka a gidajenmu da kasuwancinmu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Mai tambaya ya rubuto ya jefa a akwatin da ke ƙofar ofis, ko ya ba malamar Islamiyya. Ba a bayyana suna. Kuma a tuna takardar nan tana ɗauke da sunan Allah, kada a yar a ƙasa, kada a ƙunshe kaya da ita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti